'Yancin Faɗar Albarkacin Baki a Zamanin Intanet: Nazari Daga Kano da Maƙwabtanta

Gabatarwa

A unguwanni irin su Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da ke Ƙaramar Hukumar Tarauni, wayar hannu ta zama dandalin da talaka ke jin labari, ya yi ciniki, ya kuma soki shugabanni. Wannan damar ba ta samu ga 'yan jam'iyyar NEPU ba, wadda aka kafa a Kano a 1950, domin su sai sun hau duro a bainar jama'a, inda 'yan dokan En'e ke iya kama su. Sai dai fasahar da ta buɗe bakin talaka ita ce kuma ta bai wa hukuma sababbin hanyoyin rufe shi. Wannan maƙala ta duba uku daga cikinsu.

Rufe Dandali

A ranar 5 ga Yuni, 2021 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a janye takunkumin ba sai 13 ga Janairu, 2022. A watan Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya keta haƙƙin 'yan ƙasa. Abin lura shi ne, umarnin ɓangaren zartarwa kaɗai aka bi, ba tare da dokar majalisa ko hukuncin kotu ba.

Katse Layin Sadarwa

A Satumbar 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a Jihar Zamfara, daga baya aka yi haka a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Hujjar ita ce hana 'yan bindiga magana da masu kai musu rahoto. Hujja ce mai nauyi, amma matakin ya haɗa mai laifi da marar laifi. Ɗan kasuwa ya kasa tura kuɗi, ƙauyen da aka kai wa hari ya kasa neman ɗauki, ɗan jarida kuma ya kasa tantance abin da ke faruwa.

Hukunta Mai Magana

Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ya haramta saƙon da ke ɓata rai ko cin mutunci, kalmomin da ke da faɗin fassara, har aka riƙa gurfanar da 'yan jarida da su. An taƙaita sashen a 2024. A Kano kuma, a Nuwambar 2022, wata kotun majistare ta yanke wa matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu kwana 30, saboda ɓata sunan gwamna na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Tasirin irin wannan hukunci bai tsaya kan mutum biyu ba. Tun da aka ɗaure kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, NIN, daga Disambar 2020, duk mai rubutu ya san ana iya gano shi, don haka wasu kan zaɓi yin shiru.

Kammalawa

Babu mai musun cewa ƙarya da ɓatanci da kalaman tunzura jama'a suna yawo a intanet, kuma al'umma na da haƙƙin kare kanta. Tsarin Mulki na 1999 ya ba da ma'auni: sashe na 39 ya tabbatar da 'yancin magana, na 37 ya kare sirrin sadarwa, na 45 kuma ya yarda a taƙaita su, amma ta hanyar dokar da za ta karɓu a ƙasa mai bin dimokuraɗiyya. Saboda haka tambayoyi uku ne ya kamata a yi wa kowane mataki: wace doka ce ta ba da izini, shin babu hanya mafi sauƙi, kuma wace kotu ce za ta saurari wanda aka zalunta? Idan aka rasa amsa, mai jefa ƙuri'a a Darmanawa zai je rumfar zaɓe da labarin da masu mulki suka ga damar bari ya ji kawai.