Mene ne ofishin haɗaka?

Kwanan nan ana yawan jin labarin cibiyoyin fasaha da ake buɗewa a Arewa, irin su Kirkira a birnin Katsina da CoLab a Kaduna. Yawancinsu ofisoshin haɗaka ne, wato wuri guda da mutane masu sana'o'i daban-daban ke hayar teburi su yi aikinsu, kowa yana cin gashin kansa.

Yaya yake aiki? Mai wurin yakan tanadi kujeru, intanet mai ƙarfi, injin buga takardu da wutar sola ko janareta. Mai amfani kuma ya biya kuɗin yini, na mako ko na wata. Tsadar wuta da data, wadda ke durƙusar da mutum ɗaya, takan yi sauƙi idan aka raba ta.

Wa ya shafa? Masu zanen talla, masu rubuta manhaja, masu cike wa ɗalibai fom, da masu yi wa kamfanonin ƙasashen waje aiki daga nesa.

A Batsari da Safana na jihar Katsina kuwa, babban ƙalubalen buɗe irin wannan wuri shi ne tsaro da sadarwa. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun. Sai dai zuwan intanet ɗin Starlink Najeriya a 2023, da kusancin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, sun buɗe ƙofa. Matasan yankin sun cancanci wurin da za su nemi halak ɗinsu ba tare da yin ƙaura ba.