Akantan da bai iya bayani ba

Ɗan kasuwar albasa a Aliero zai iya faɗin yawan buhunan da ya adana tun girbi, da nawa suka ruɓe kafin damina, da abin da ya biya direban tirela zuwa Legas, duk da ka. Amma a miƙa masa rahoton kuɗi mai shafi goma, sai ya juya shi gaba da baya ya ce, "To malam, riba na ci ko faɗuwa na yi?" Akantan da ya kasa amsa wannan tambaya a taƙaice, da Hausar da mutumin yake ji, bai gama aikinsa ba, ko da lissafinsa bai kuskure ko kwabo ba.

Manyan sana'ar sun daɗe da gane haka. Tarayyar akantoci ta duniya, IFAC, wadda aka kafa a 1977, tana da ƙa'idojin horas da akantoci, kuma ta ukunsu ta ce dole ɗalibi ya iya sauraro, da yi wa mutum tambayoyi, da sasanta saɓani, da lura da bambancin harshe da al'ada a duk maganar da zai yi. A Najeriya, ƙungiyar akantoci ta ICAN da aka kafa a 1965 ta sa darasin sadarwa cikin matakin farko na jarrabawar ƙananan akantoci. Takwararta ANAN kuma tana da kwalejinta ta horaswa kusa da Jos.

Matsalar ita ce da Turanci ake wannan duka. Yaro daga Maiyama zai tafi Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya ƙware a rubuta wasiƙar ofis da rahoton taro. Ya dawo gida, aikin farko da zai tarar shi ne ya fahimtar da wani alhaji sa'an mahaifinsa cewa kuɗin shago daban, kuɗin cefane daban, kuma abin da ya cika aljihu ranar kasuwa ba duka ne riba ba, akwai uwar kuɗi a ciki, akwai la'adar dillali, akwai bashin da bai biya ba. Babu takardar jarrabawar da ta gwada shi a kan haka. Idan ya shiga maganar kai tsaye, alhaji ya ɗauka raini ne. Idan kunya ta hana shi, littafin lissafi ya tashi a banza.

Jihar Kebbi ta ga abin da ƙarancin bayani kan jawo. A nan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a watan Nuwamba na 2015. Yawancin rancen ya zo ne a matsayin iri da taki da injin ban-ruwa, kuma manoma da dama suka ɗauke shi rabon gwamnati, har maganar biya ta zama rigima. Ba za a ɗora laifin duka a kan bayani ba, domin ambaliya ta cinye gonaki, musamman a 2020, siyasa ma ta sa baki. Duk da haka, wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, da wuya ya ji a ransa cewa bashi ne a wuyansa.

Aikin ofis ma haka yake. Mai binciken kuɗi da ya isa sakatariyar ƙaramar hukuma zai nemi baucoci da rasit daga hannun ma'ajin da ya girme shi da shekara ashirin. Sai ya gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya nemi takardun ba tare da ya sassauta ko ɗaya ba. Haɗa ladabi da tsayuwa a kan gaskiya abu ne da ake koya, kamar yadda ake koyon daidaita asusu.

Bukatar akantan da ya iya bayani ƙaruwa take yi. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, Jega da Aliero da Maiyama na cikin 21 na jihar Kebbi. A watan Yuni na 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji. Kansila da mai shago da shugaban ƙungiyar manoma duk za su nemi wanda zai warware musu su.

Wurin koyo kuwa ba nisa. Kasuwar Jega ta shahara tun ƙarni na 19, kuma a cikinta akwai dillalan da ke ƙulla cinikin miliyoyi da baki kawai. Malaman sashen akanta a Birnin Kebbi da Sakkwato su riƙa tura ɗalibansu can: kowane ɗalibi ya zauna da ɗan kasuwa guda, ya tsara masa littafi, ya fitar masa da zakkar ɗaya bisa arba'in, sannan ya maimaita bayanin da Hausa a gaban aji. A ba shi maki a kan abin da ɗan kasuwar ya fahimta.