Majigin Yaƙin Hitila: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Duk lokacin da aka tayar da zancen majigin da Turawa suka riƙa haskawa a lokacin yaƙin Hitila, sai ka ji wani ya ce ai duk ƙarya ce aka shirya, wani kuma ya ce nishaɗi ne kawai. Dukansu sun kauce.

Ba nishaɗi ba ne. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa Colonial Film Unit ƙarƙashin William Sellers, wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Legas, domin a jawo hankalin talakawan mulkin mallaka su goyi bayan Ingila da ƙawayenta. Mota ce ke shiga gari, a kafa farin ƙyalle a fili bayan magariba, tafinta yana bayani da Hausa.

Amma ba kowane abu ne ƙage ba. Masu cewa nas ɗin da ta fito a fim ɗin Nurse Ademola na 1943 'yar wasa ce sun yi kuskure. Adenrele Ademola 'yar Alake na Abeokuta ce, ta yi karatun jinya a asibitin Guy's da ke Landan, tana can lokacin da Jamus ke yi wa birnin ruwan bama-bamai.  Kuma har yau ba a gano kwafin fim ɗin ba, don haka wanda ya turo maka bidiyo ya ce shi ne, kada ka yarda.

Babbar ƙaryar tana cikin abin da aka ɓoye, kuma mu mutanen Jos ya fi shafa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗibar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole. Mutanen da suka saba da zafin Sakkwato da Katsina suka tarar da sanyin Filato, ga ƙarancin abinci, ga cuta. Da yawa sun mutu, musamman a aikin madatsar ruwa ta Tenti. Wannan ba gudummawar son rai ba ce, ko da majigi ya nuna talakawan Sarkin Ingila suna taimakawa da fara'a.

Hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a Jos take. Ya kamata ta nemi jikokin waɗanda aka ɗebo, ta naɗi abin da suka ji daga bakin kakanninsu tun suna iya ba da labari.