Garwashi da Iskar da Ba ta da Wari

Duk wanda ya tsaya wurin mai tsire a Sabon Ibadan, ko wurin masu gashin masara a Kasuwar Bodija, zai iya lura da wani ɗan harshen wuta shuɗi yana lilo a saman garwashi. Wata iska ce take ci a wurin, sunanta kabon-monoksaid, kuma zafi ne ya haife ta.

Ga yadda abin yake. Gawayi daskararren abu ne, kusan dukkansa sinadarin kabon. Idan ya ci wuta daga ƙasa, inda iska ke shiga, sai ya fitar da kabon-dayoksaid. Wannan iska tana ratsa jajayen garwashin da ke sama, ta haɗu da kabon, su zama kabon-monoksaid:

C + CO₂ ⇌ 2CO

Kibiyar nan mai kai biyu tana nufin hanyar gaba da baya ce. Idan tafiya da komowa suka yi kunnen doki, masana kimiyya sai su ce an sami daidaito. To wane ɓangare ne zai rinjaya? A 1884 wani Bafaranshe, Henri Le Chatelier, ya bayyana ƙa'idar: in ka matsa wa daidaito, zai karkata ga ɓangaren da zai rage matsin. Tafiya zuwa dama shan zafi take yi, don haka ƙara wuta tura ta gaba ne. A digiri 400 na ma'aunin Salshiyas, kusan duka kabon-dayoksaid ce. Daga wajen 700 sai kabon-monoksaid ta fara rinjaye, a 1000 kuwa ita ce kusan komai.

Mai karatu zai ce, ai in ta huce sai ta koma yadda take. Ina! A sanyi komowar tana da nawa ƙwarai. In ba ta sami isasshiyar iska ta ƙone ba, haka za ta taru a ɗaki, ba launi ba wari, alhali jini yana kama ta fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da ɗoriya. Shi ya sa kaskon wuta a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yake kashe mutane cikin barci.

Maƙeran da suka narka tama a gindin Dutsen Dala kuwa ita suke nema. Da zugazugi suke ɗaga zafin gawayi har iskar ta yawaita, ita kuma ta zare oksijin daga jikin tama, ƙarfe ya fito.