Wutar Cikin Ƙasa Da Ta Haifi Dutsen Zuma

Duk wanda ya taso daga gaɓar kogin Iku a Suleja ya nufi Madalla, ba zai rasa ɗaga kai ya dubi Dutsen Zuma ba. Jama'a kan ɗauke shi misalin abin da ba ya motsi, alhali kuwa masana ilmin duwatsu sun ce motsin ƙasa ne ya haife shi.

Ga yadda abin yake. Cikin ƙasa zafi ne da shi ƙwarai, har a can tsakiyarta ya haura digiri 5,000. Wani sashe na zafin nan ragowar na farkon halittarta ne, wani kuwa daga ma'adinai irin su yuraniyom yake fitowa. Zafin kan sa duwatsun ciki su yi taushi, mai zafi ya taso sama, wanda ya huce ya nutse, kamar kunu a tukunya, sai dai a hankali ƙwarai. Shi kuwa ɓawon ƙasa a tsattsage yake kamar sakaina, kowane ɓangare yana tafiya 'yan santimita kaɗan a shekara, kuma gefensa da ya huce ya nutse shi ke jan sauran.

Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, irin waɗannan ɓangarori suka yi karo a wannan yanki. Dutse ya narke a can ƙarƙashi, ya daskare sannu a hankali, sa'an nan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya lulluɓe shi, har Zuma ya bayyana. Daga baya wannan ƙarfi ya raba Afirka da Amurka ta Kudu, ya bar tabo a kwarin Binuwai.

To, ko da yake Nijeriya tana nesa da bakin ɓangarorin, tsofaffin tsage-tsagen suna nan. A watan Satumba na 2016 ƙasa ta girgiza a Kwoi ta Jihar Kaduna. A Satumba na 2018 kuma ta motsa a Mpape ta Abuja, mutane suka fito daga gidajensu a firgice, har hukuma ta dakatar da fasa duwatsu a yankin na ɗan lokaci.

Saboda haka ya kamata masu gina benaye a Suleja da kewaye su riƙa sa masana su gwada ƙasa kafin a haƙa harsashi, hukuma kuma ta ƙara yawan na'urorin auna girgiza. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya kiyaye, amin.