Zazzaɓi Da Ciwon Ƙirji: Uwargida, Kada Ki Yi Sake

Uwargida, ke ce mai fara ganin ciwo a gida tun likita bai gani ba. Saboda haka yau ga wata magana da ta shafi maigida da tsofaffinmu.

A ƙirjin kowane mutum akwai wata babbar jijiya mai ɗaukar jini daga zuciya zuwa sauran jiki. Likitoci suna kiranta awota, faɗinta kusan santimita 3. Wani lokaci ƙwayoyin cuta sukan shiga jini, su maƙale a bangonta, su yi ta cinsa. Sai wurin ya yi laushi ya kumbura, kamar salkar da fatarta ta ruɓe a gefe guda. Ran da ta fashe, mutum yakan cika nan take. Tun 1885 wani likita, William Osler, ya bayyana irin wannan ciwo.

Daga ina ƙwayoyin suke? Waɗansu daga ƙwai ko naman da bai dahu ba, waɗansu daga maruru ko miki mai mugunya. Akwai kuma tunjere, wanda yakan kwanta shiru shekara 10 zuwa 30 kafin ya taɓa jijiyar. An fara warkar da tunjere da allurar fanisilin a 1943, don haka idan kin je awon ciki aka ce a gwada jininki, ki yarda. In an samu, ku sha magani ke da maigida.

Ga alamun da za ki lura da su: zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, ciwon ƙirji ko tsakanin kafaɗu, dushewar murya, wuyar haɗiya, ko tarin jini. Ya fi kama tsofaffi da masu ciwon suga. In kin ga kumburi a ƙirji yana bugawa kamar zuciya, don Allah kada a kira wanzami. Ƙaho ko sakiya a wurin nan halaka ce.

Daga Shagari ko Boɗinga, hanyar mota miƙaƙƙiya ce zuwa Sakkwato, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Likitoci za su gwada jini, su ɗauki hoton ƙirji. Magani kuwa iri biyu ne a haɗe: allura ta jijiya har mako 6 ko fiye, sa'an nan aiki. Ko a yanke wurin da ya ruɓe a ɗinka bututu a madadinsa, ko a zura bututun ta jijiyar cinya. Allura ita kaɗai ba ta cika isa ba. Kada kuma a tsai da ita don zazzaɓi ya sauka.

Ku 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan shafi. Allah ya ba mu lafiya, amin.