Duwatsun Murhu Uku Da Rufin Gilashi: Abin Da Ke Hana 'Yarki Barci A Gaban Kwamfuta

Uwargida, in kina da ɗa ko 'ya da ke karatun zanen gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, to kin san wannan hali. Yarinya ta taso tun daga Samaru, ta bi ta Kwangila da PZ, ta sauka a Kongo, ta shigo Gyallesu a gajiye. Maimakon ta kwanta, sai ta buɗe kwamfuta. Ƙarfe ɗayan dare ki leƙa, ki tarar ta ƙura wa wani abu mai kama da ragar kamun kifi ido, wasu idanun ragar jajaye, wasu koraye. Ki tambaye ta, ta ce: "Mama, fuskokin ne suka ƙi kwanciya." Bayan kwana biyu kuma a zo miki da maganar cewa kwamfutar ta yi rauni, ana son wata.

Kafin ki taɓa kuɗin adashinki, ya kamata ki san mene ne wannan aiki. Kuma asalinsa abu ne da kika daɗe da sani a madafinki.

Me ya sa duwatsun murhu uku ne, ba huɗu ba? Ki ɗora faranti a kan duwatsu uku, ko da ɗaya ya fi sauran tsawo, zai taɓa dukkansu. Yana iya karkacewa, amma ba zai yi rawa ba. Ƙara na huɗu ki gani: in bai zo daidai da sauran ba, faranti zai zauna a kan uku, ya bar ɗaya a sama. Shi ya sa teburi mai ƙafa huɗu ne ake cusa wa kwali a ƙarƙashin ƙafa. A lissafi ma haka yake: ɗigo uku kullum akwai shimfiɗa guda da za ta ɗauke su, ɗigo na huɗu kuwa sai an lallaɓa shi.

To, masu zanen gini na zamani suna son rufi mai lanƙwasa, kamar ƙwarya a kife ko kamar zanin da iska ta ɗaga. Amma gilashi da falankin katako a miƙe suke fitowa daga masana'anta. Ana iya lanƙwasa gilashi da wuta, sai dai kowane lanƙwasa na bukatar nasa mazubin, kuma tsadar ba ta misaltuwa. Dabarar ita ce a yanyanka rufin a kwamfuta zuwa ƙananan fuskoki, kowace a shimfiɗe, waɗanda idan an jera su ido zai ga lanƙwasa. Ƙwallon ƙafa irin ta da, mai baƙi da fari, haka aka tsara ta: gutsure 12 masu kusurwa biyar, da 20 masu kusurwa shida. Wannan ragar da kika gani a allon 'yarki ita ce taswirar yankan. Koren ido ya kwanta, ana iya yanka masa gilashi. Jan ido a murɗe yake, kusurwarsa ta huɗu ta ɗaga, kamar teburin nan.

Za ki ce, ai sai a yi duka masu kusurwa uku a huta. An yi hakan. Rufin tsakar gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, wanda aka buɗe a shekarar 2000, gilasai 3,312 ne masu kusurwa uku, kuma babu biyu da suka yi daidai da juna. Amma hutun yana da farashi. A ragar kusurwa uku, ƙarafa shida ne ke haɗuwa a kowace mahaɗa, a ta kusurwa huɗu kuwa ƙarafa huɗu ne kacal. Ke da kike kai ɗinki kin san yadda yadi ke tafiya a banza idan tela ya yi ta yanka shi a karkace. Gilashi ma haka, yankan kusurwa uku ya fi barin ɓarna. Ƙarfe ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, hasken da ke shigowa ya ragu. Don haka ne ake wahalar neman fuskoki masu kusurwa huɗu da suka kwanta.

Manhajar da aka fi yin wannan aiki da ita sunanta Rhino, a cikinta akwai wata mai suna Grasshopper, wadda David Rutten ya fara fitarwa a 2007. Bambancinta da zane na hannu shi ne, ba layi kike ja ba, ƙa'ida kike ginawa. Kamar girkin biki ne: in kin san mudu nawa ke ciyar da mutum ashirin, da an ce baƙi sun zama sittin, mai da gishiri da itace duk za su bi lissafi. A nan ma ɗaliba za ta ja wani ɗan maɓalli ta ƙara tsayin rufin, sai ragar gaba ɗaya ta sake tsari da kanta.

Wajen kwantar da fuskokin kuwa, akwai wani ƙarin kayan aiki mai suna Kangaroo, na Daniel Piker. Yadda yake aunawa abin sha'awa ne don sauƙinsa. A kowace fuska yana jan layi daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya ja na biyu ya gitta. In layukan biyu sun taɓa juna a tsakiya, fuska ta kwanta. In ɗaya ya wuce ta saman ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ita ce girman murɗewar. Sai ya shiga matsar da kusurwoyin kaɗan-kaɗan don tazarar ta rufe.

Matsalar a nan take. Kowace kusurwa ta fuskoki huɗu ce, kamar katangar da maƙwabta suka yi tarayya a kanta. Ka gyara wa wannan, ka ɓata wa wancan. Dole manhajar ta yi ta zagayawa, sau ɗaruruwa, har kowa ya samu abin da zai iya haƙuri da shi. Kuma ba kwanciya kaɗai ake nema ba: ana son rufin ya tsaya kusa da siffar da aka zana tun farko, ana son layukan ƙarfe su tafi sumul ba zigizaga ba, ana son gefen rufin ya zauna a kan bangonsa. Waɗannan bukatu suna jan juna. In aka ba kwanciya ƙarfi fiye da kima, rufin ya yamutse. In aka ba siffa ƙarfi, jajayen idanu su ƙi tafiya. Sirrin da ɗalibai kan daɗe ba su gano ba shi ne, in tun farko aka shimfiɗa ragar ba tare da bin hanyar da rufin ke lanƙwasawa ba, ko an kwana ana dannawa ba za ta gyaru da kyau ba. Sai an warware an sake saƙa.

Abin da ke burge ni shi ne, wannan tunani ba baƙo ba ne a Zariya. Masallacin Juma'a na cikin birni, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da bakan gizo aka ɗaga rufinsa. Azara ba ta lanƙwasuwa, kuma ba ta iya tsallake wuri mai faɗi ita kaɗai. Sai magina suka riƙa jera gajerun azara hawa-hawa, kowace a miƙe, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, har baka ta haɗu a sama. Miƙaƙƙun abubuwa ne suka haifi lanƙwasa. Bambancin kawai, yaɓe yana rufe kuskure, gilashi kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

In 'ya mace ce, kada wani ya ce miki wannan fage na maza ne. Zaha Hadid, haifaffiyar Bagadaza, wadda gine-ginenta suka yi suna da irin wannan lanƙwasa, ita ce mace ta farko da ta karɓi kyautar Pritzker a 2004. A maƙwabta kuma ga Mariam Issoufou ta Nijar, wadda ilimin kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini. Ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin ƙasa na Dandaji ɗakin karatu, suka gina sabon masallaci kusa da shi, aka kammala a 2018.

Batun sabuwar kwamfuta kuma, shawarata kada ki yi gaggawa. Ki tambaye ta: injin ne ya gaza, ko ragar ce ta yi yawan idanu? Ɗalibai da yawa sukan cika raga da dubban fuskoki inda ɗari biyu za su isa gwaji, sai kwamfuta ta yi nauyi. Sau da yawa ƙara wa tsohuwar ma'adanar aiki, abin da masu gyara ke kira RAM, ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba. Ki duba lafiyar batir ma, tunda kin san halin wutarmu. Aikin da aka ɗauke wuta yana tsakiya ba a adana ba, ya tafi. Rhino tana ba da kwana 90 na gwaji kyauta, tana da rangwamen farashi ga ɗalibai, sannan akwai Blender wadda kyauta ce gaba ɗaya kuma ita ma tana da umarnin kwantar da fuskoki. Wannan ya fi ta je a zuba mata manhajar sata da kan zo da ƙwayar cuta.

Akwai kuma ranar da ilimin nan zai yi miki amfani a gidanki. Rufin kwano mai yawan kusurwoyi da ake yayi yanzu, kowane ɓarinsa fuska ce mai son kwanciya. In kafinta ya kafa katako kusurwa ɗaya ta ɗaga, dole a danne kwanon da ƙusa ya murɗe, bakin haɗin ya buɗe, ruwan Agusta ya samu hanya. Firam ɗin taga ma in ya murɗe, gilashin ko dai ya ƙi zama ko ya tsage daga baya. Gwajin ba ya bukatar kwamfuta. Kafin a buga kwano ko a sa gilashi, ki sa a ɗaura zare biyu a miƙe, kowanne daga kusurwa zuwa kishiyarta. Su ɗan shafi juna a tsakiya kawai ake so. In akwai tazara tsakaninsu, a sauya wanda ke sama ya koma ƙasa a sake dubawa. In kuma ɗaya na danne ɗaya har ya lanƙwasa shi, a kira kafinta ya gyara tun bai karɓi cikon kuɗinsa ba.